Ihun da Auta Ta Fara

A unguwar Agege ta Legas, kusa da layin dogo, akwai wata yarinya 'yar aji biyar a firamare. Ita ce ƙarama a gidansu, don haka kowa Auta yake kiranta.

Auta akwai baki. Tana jin Hausa, tana jin Yarbanci, tana jin Turancin buroka. In ta fara ba da labari, sai kowa ya yi dariya. Ita kuwa ba abin da take so kamar a yi dariya saboda maganarta.

Babbar ƙawarta ita ce Mastura. Benci ɗaya suke zama a aji. Tare suke cin burodi da wake a lokacin tara, tare suke dawowa gida.

Mahaifin Mastura, Malam Audi, tela ne. Yana da ɗan shago kusa da tashar danfo, wato ƙananan motocin haya na Legas. Ban da ɗinki, yakan fito a wasan kwaikwayo na talabijin.

A wannan shekarar ana nuna wani wasa mai suna Sufeto Larai, duk ranar Asabar bayan la'asar. Labarin wasu ɓarayi ne da suke fasa shagunan wata kasuwa. Ita Sufeto Larai 'yar sanda ce, tana ta neman shugabansu.

Malam Audi ya fito a matsayin Baba Tanko, maigadin kasuwar. Tsoho ne mai farin gemu da fara'a, kullum yana raba wa yara alewa. Duk masu kallo suna ƙaunarsa.

Auta takan ce wa yara, "Kun ga Baba Tanko? Baban ƙawata ne! Har gidansu nake zuwa."

Ta sha tambayar Mastura, "Don Allah waye shugaban ɓarayin? Ni kaɗai za ki gaya wa."

Mastura takan ce, "Wallahi ban sani ba. Baba ya ƙi faɗa. Ko Mamanmu bai gaya mata ba."

Duk da haka Auta ta ce wa 'yan ajinsu ta sani. Ta ce direban Sufeto ne. Har ta ce daga gidan su Mastura ta ji.

Ranar da za a nuna kashi na ƙarshe, NEPA suka ɗauke wuta. Yaya Misbahu, wan Auta, ya tayar da janareta. Nan da nan falonsu ya cika da maƙwabta. Kaka ta zauna a gaba da maficinta. Anti Magdalina, 'yar Kafanchan da ke haya a ɗakin kusa da su, ta shigo da ƙullin gyaɗarta. Yara suka cika ƙasa.

Aka yi tsit. A talabijin, Sufeto Larai ta laɓe a bayan wani shago. Wani mutum ya zo da fuska a rufe, ya buɗe ƙofar kasuwa da mabuɗi. Sufeto ta yi wuf ta kama shi, ta fizge ƙyallen fuskarsa.

Baba Tanko ne.

Falon ya kaure da ihu.

Kaka ta jefar da maficinta. Ta ce, "La'ilaha illallahu! Tsohon banza! Ashe alewar nan ta munafunci ce!"

Anti Magdalina ta miƙe tana tafa hannu. Ta ce, "Ban faɗa maku ba? Tun farko na ce murmushin nan ya yi yawa!"

Yaya Misbahu ya ce, "Haba Anti, yaushe kika faɗa? Wancan satin kuka kika yi da aka mare shi."

Aka kwashe da dariya.

Mama ta girgiza kai. Ta ce, "Kai, Malam Audi ya iya wasa. Ya ruɗe mu duka."

Auta kam ba ta yi dariya ba. Tunanin ranar Litinin take yi. Ta san za a tuna mata da maganar direba.

Haka kuwa aka yi. Tun kafin a kaɗa ƙararrawa, yara suka kewaye ta. Wani yaro mai suna Baballe ya ce, "Ina direban naki? Mai ƙarya! Ashe ba abin da kika sani."

Aka yi mata dariya. Auta ta ji zafi ƙwarai. Ta saba ita ke sa a yi dariya, ba ita ake yi wa ba.

Sai ta juya maganar. Ta duƙa kamar tsoho, ta kwaikwayi muryar Baba Tanko. Ta ce, "Zo, jikata, karɓi alewa. Ina babanki yake ɓoye mabuɗin shago?"

Yara suka fashe da dariya. Suka manta da direba. Suka koma kan Mastura, suna ce mata, "'Yar Baba Tanko! 'Yar Baba Tanko!"

Mastura ta dubi Auta. Ta ce a hankali, "Ke ma?"

Auta ta ce, "Haba, wasa ne fa."

Da aka tashi, Mastura ba ta jira ta ba, ita ma ba ta jira Mastura ba. Auta ta bi su Baballe, suna tafe suna ta labarin wasan. Mastura na can baya ita kaɗai.

Da suka iso tashar danfo, sai ga Malam Audi ya fito daga shagonsa. Yana rungume da babbar leda cike da kayan da ya ɗinka. Ya hango motar Ikeja za ta tashi, sai ya sa gudu don ya cim mata.

Auta ta nuna shi. Ta ce, "Ku duba! Ga Baba Tanko can, ya tsere wa Sufeto!"

Yara suka yi dariya. Daɗi ya kama Auta. Ta so ta ƙara. Ta ɗaga murya iya ƙarfinta, ta ce, "Ole! Ole!"

Da Yarbanci, ole shi ne ɓarawo.

Su Baballe suka amsa, "Ole! Ole!" suna tsalle suna nuna shi.

Amma mutanen tasha ba su san wasa ake yi ba. Yawancinsu ba su taɓa kallon Sufeto Larai ba. Abin da suka gani kawai shi ne mutum yana gudu da kaya, yara suna ihun ɓarawo a bayansa.

Wani yaron mota ya sa masa ƙafa. Malam Audi ya faɗi a kan hannunsa. Ledar ta fashe, kayan suka zube cikin kwata. Kafin ya tashi, mutane sun rufe shi. Wani ya shaƙe masa wuyan riga. Wani ya kai masa mari. Wani yana neman sanda.

Malam Audi yana cewa, "Ku tsaya! Ni tela ne! Ga shagona can!" Ba mai jin sa.

Dariya ta mutu a bakin Auta.

Sai ta ji wata ƙara daga baya. Mastura ce. Ta yar da jakarta, ta kutsa cikin mutane tana kuka. Tana cewa, "Babana ne! Babana ne! Ba ɓarawo ba ne!"

Allah ya sa Iya Risi mai burodi tana kusa. Bayarabiya ce, ta daɗe tana sana'a a bakin shagon Malam Audi. Ta ture teburinta, ta shiga tsakani, ta buɗe hannuwa. Ta daka wa mutanen tsawa da Yarbanci. Ta ce, "Kun haukace ne? Telanmu ne! Shi ya ɗinka zanen da ke jikina! Me ya sata? Na wa ya sata? Wa ya fara ihun nan?"

Mutane suka fara kallon juna. Ɗaya bayan ɗaya suka zame.

Auta ba ta tsaya ba. Ta ruga gida, ko waiwaye ba ta yi.

Kafin magariba, labari ya iso gidansu. Anti Magdalina ce ta kawo shi. Ta ce an kai Malam Audi asibiti, hannunsa na dama ya goce. Ta ce wai yaran makaranta ne suka fara ihun.

Mama ta dafe ƙirji. Ta ce, "Innalillahi! A Legas ɗin nan? Ai da ihun nan ake rasa rai. Wane yaro ne zai yi wannan ɗanyen aiki?"

Kaka ta ce, "Ni ma da na zage shi ranar Asabar, Allah ya yafe mini. Ai Baba Tanko na zaga, ba Audi ba."

Auta tana zaune a gefe da kwanon shinkafa. Ta kasa haɗiye ko loma ɗaya.

Mama ta ce, "Auta, lafiya? Yau bakin naki ya mutu."

Ta ce, "Kaina ke ciwo, Mama."

Washegari Mastura ba ta zo makaranta ba. Auta ta zauna ita kaɗai a bencinsu. Ba ta iya kallon gefen da babu kowa.

Malama Fareeda, malamar ajinsu, ta shigo ba fara'a. Ta ce, "Na ji abin da ya faru jiya. An ce masu kayan makarantarmu ne. Wa ya fara?"

Baballe ya sunkuyar da kai. Auta ta so ta ɗaga hannu, amma hannun ya yi mata nauyi.

Malama ta ce, "To. Ba zan doki kowa ba. Wanda ya yi ya san kansa. Ina jiran sa."

Da Auta ta koma gida, ta tarar Mama ta yi farfesun kaza. Mama ta zuba a kula, ta miƙa mata. Ta ce, "Kai gidan su Mastura. Ki ce ina gaida Malam da jiki, ina nan tafe. Ki zauna da ƙawarki, tana bukatarki yau."

Auta ta karɓa. Ta tafi tana jan ƙafa. Ta isa ƙofar gidan, ta tsaya. Tana jin muryoyin masu dubiya daga ciki. Ta ga takalmin Mastura a bakin ƙofa.

Ta kasa yin sallama. Ta daɗe a tsaye, sannan ta juya da kular a hannunta.

Mama ta gan ta. Ta ce, "Me ya faru? Ba sa nan ne?"

Auta ta ajiye kular. Ta durƙusa, ta fashe da kuka. Ta ce, "Mama, ni ce. Ni na fara ihun."

Mama ta zauna a kan kujera tana kallon ta. Auta ta gwammace a doke ta da wannan kallon.

Can Mama ta ce, "Mutumin da ya ɗinka miki kayan makaranta? Wanda kike cin abinci a gidansa?"

Auta ta ce, "Wasa nake yi, Mama. Ban san za a kama shi ba."

Mama ta ce, "Na yarda ba ki sani ba. Amma da kika ga an kama shi, me kika yi?"

Auta ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Na gudu."

Mama ta ce, "To wannan ya fi ihun ciwo a wurina."

Da Baban Auta ya dawo daga kasuwar goro, Mama ta gaya masa. Bai ko cire hularsa ba. Ya ce, "Auta, ɗauki kular nan. Mu je."

Suka tarar da Malam Audi a kishingiɗe, hannunsa a naɗe, leɓensa a kumbure. Babu farin gemu, babu rigar maigadi. Baban Mastura ne kawai, wanda Auta ta sani tun tana ƙarama. Mastura tana zaune kusa da shi.

Bayan an gaisa, Baba ya ce, "Malam, 'yarka Auta ce ta zo da magana."

Auta ta durƙusa. Ta ce, "Baba, ni na fara ihun nan. Don Allah ka yafe mini."

Malam Audi ya ce, "Na sani, Auta."

Ta ɗago da sauri.

Ya ce, "Ai na san muryarki. Tun kafin in faɗi na ji ta. Mastura ma ta ji."

Baba ya ce, "Malam, ka sani, amma ba ka gaya mana ba?"

Ya ce, "Na so ta zo da ƙafarta. Ga shi ta zo."

Kunya ta rufe Auta. Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Malam Audi ya gyara zama. Ya ce, "Saurara, Auta. Ni ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Baba Tanko aiki ne aka ba ni. Na sa gemu na yi, na cire gemu na dawo gida. An yi wasan ne don mutane su ga ƙarshen ɓarawo. Kin gane?"

Ta ce, "Na gane, Baba."

Ya ce, "Hannun nan zai warke, in Allah ya so. Abin da ya fi damuna shi ne 'yata ta ga ana marin ubanta a titi. Ni na yafe miki har ga Allah. Amma tsakaninki da Mastura, wannan ba nawa ba ne."

Auta ta juya. Ta ce, "Mastura, ki yi haƙuri."

Mastura ta tashi ta shige ɗaki.

A hanyar gida, Baba ya ce, "Kada ki ga laifinta. Kuma aikinki bai ƙare ba. A gaban mutane kika ɓata masa suna, a gaban mutane za ki gyara."

Da safe Baba ya raka ta tashar danfo. Suka gode wa Iya Risi. Sannan Auta ta tsaya a bakin shagon Malam Audi, inda direbobi da masu talla suke. Ta faɗa da Hausa, ta sake faɗa da Yarbanci. Ta ce, "Mai shagon nan ba ɓarawo ba ne. Ni na yi ihun ƙarya. Ku yi haƙuri."

Wasu suka yi mata faɗa. Yaron motar da ya sa ƙafa ya sosa kai. Ya ce shi ma zai je ya ba oga tela haƙuri.

A makaranta, Auta ta je wurin Malama Fareeda ta gaya mata gaskiya. Malama ta ce, "Za ki iya faɗa a gaban aji?"

Ta ce, "Zan iya, Malama."

Ta fito gaba. Yarinyar da ba ta taɓa rasa abin faɗa ba, yau da ƙyar kalmomi suke fita. Ba wanda ya yi dariya. Da ta gama, Baballe ya miƙe. Ya ce, "Malama, har da ni." Sauran da suka amsa ihun su ma suka miƙe.

Ba a rana ɗaya Mastura ta huce ba. Da ta dawo makaranta, can ƙarshen benci take zama. Auta ba ta matsa mata ba. Kullum bayan an tashi, takan je shago tare da su Baballe. Suka wanke kayan da suka faɗa kwata. Suka riƙa share shago, suna taya yaron Malam Audi sa maɓalli da ninke kaya.

Wata rana Auta tana fama da allura, zaren ya ƙi shiga. Ta lasa, ta gwada, ya ƙi. Mastura tana gefe tana kallo. Can ta ce, "Ba haka ake yi ba. Kawo."

Ta karɓa, ta zura zaren, ta miƙa mata. Sannan ta ce, "Na ji tsoro ranar nan, Auta. Na zaci za su kashe shi."

Auta ta ce, "Na sani. Ba zan ƙara ba har abada."

Mastura ta share idonta. Ta ce, "To matsa in zauna. Duk kin karkace maɓallan."

Da hannun Malam Audi ya warke, Malama Fareeda ta gayyace shi ajinsu. Ya zo da wata 'yar jaka. A gaban yara ya manna farin gemu, ya duƙa, ya canza murya. Nan take ya zama Baba Tanko. Ya cire gemun, ya miƙe, ya koma baban Mastura. Yara suka yi ta tafi.

Baballe ya ɗaga hannu. Ya ce, "Baba, in an dawo da wasan, za ka tsere daga kurkuku?"

Malam Audi ya yi dariya. Ya ce, "Ni da gudu a garin nan kuma? Ko mota ce ta tashi, sai in jira ta gaba."

Ajin ya kwashe da dariya, har da Mastura. Auta ma ta yi, karon farko tun ranar da abin ya faru.

Malama ta ce, "Auta, me kika koya?"

Auta ta miƙe. Ta ce, "Na koyi cewa ɗan wasa daban, mutumin da ya fito a matsayinsa daban. Na koyi kada in kira kowa ɓarawo, ko da wasa. Kuma in na yi laifi, kada in gudu. In tsaya in faɗi gaskiya."

Malama ta ce, "Madalla. Kowa ya riƙe wannan."

Tun daga ranar, Auta ba ta daina ba mutane dariya ba. Amma kafin ta buɗe baki, takan tsaya ta tambayi kanta ko maganar za ta cuci wani. In za ta cuta, sai ta yi shiru.